Tafiyar Ƙafa, Ɗaga Ƙarfe Ko Gudun Haki: Wanne Ne Zai Riƙe Wa Mutum Kansa?

Kawuna ya yi ritaya shekara uku da suka wuce, ya koma gidansa na Fadaman Mada a garin Bauchi ya zauna. Tun daga nan zirga-zirgarsa ba ta wuce masallaci da majalisar ƙofar gida, sai ɗaurin aure ranar Asabar, shi ma a mota. Kwanakin baya ya je asibiti kan hawan jini, likita ya ƙara masa magani, ya ce lallai ya riƙa motsa jiki. Abin da bai gaya wa likitan ba, amma ya gaya mini, shi ne mantuwa. Sai ya shiga ɗaki ya tsaya, ya rasa abin da ya kawo shi. Ya haɗu da tsohon abokin aikinsa a Wunti, suka gaisa har da tambayar iyali, sunan mutumin bai faɗo masa ba sai da ya dawo gida. Mahaifiyarsa, wato kakata, gigin tsufa ya kama ta a ƙarshen rayuwarta har ta daina gane 'ya'yanta. Wannan ne ke hana shi barci.

Masu ba shi shawara kuwa sun yi yawa. Ɗansa na uku, wanda ya cika kwalin gwangwani da siminti ya yi abin ɗagawa a bayan gida, ya ce ƙarfe ne magani. Maƙwabcinsa da ke fita tattaki kullum bayan sallar Asuba ya ce ya biyo shi kawai. Wani surukinsa tsohon soja ya ce duk wasa ne, in mutum bai yi gudun da zai yi haki kamar ransa zai fita ba, bai yi komai ba. Sai Kawu ya aika aka kira ni. Ya ce, "Kai da kake koya wa yara ilimin halittu, zauna ka gaya mini gaskiya. A cikin ukun nan wanne ne zai riƙe mini kaina?"

Ba a iya amsa wannan tambaya sai an san ta inda motsin ƙafa yake bi ya isa ƙwaƙwalwa. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da kundin gado iri ɗaya, wanda ake kira DNA, a cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. Abin da ke rubuce a tsokar cinyarka shi ne ke rubuce a ƙwaƙwalwarka, harafi da harafi. Bambancin yana wajen abin da aka buɗe da abin da aka rufe. Ka dubi kasuwar Muda Lawal: rumfuna suna nan a jere, amma a kowace sa'a wasu a buɗe suke ana ciniki, wasu an garƙama musu kwaɗo. Akwai wani ɗan mitsitsin sinadari da ake kira metil, in ya manne a bakin ƙwayar gado, galibi kwaɗo ke nan an sa mata, ba a karanta ta. Akwai kuma hanya ta biyu. Zaren DNA a naɗe yake jikin wasu furotin masu suna histon, kamar zare a kwarkwaron keken ɗinki. In naɗin ya yi tsauri ba a kaiwa ga abin da ke ciki, in ya sassauta sai a karanta. Motsa jiki ba ya canza ko harafi ɗaya na abin da ka gada wurin iyayenka. Kwaɗon da naɗin zaren yake taɓawa.

Da wannan na fara wa Kawu, domin na lura ya ɗauki ciwon mahaifiyarsa kamar hukuncin da aka riga aka yanke masa. Gado yana da hannu, ba a musu, kuma rai da lafiya na Allah ne. Amma rumfar da ka gada daban, buɗe ta kullum da safe daban. A shekarar 2014 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun sa matasa 23 suna motsa ƙafa ɗaya tak a kan na'ura, minti 45, sau huɗu a mako, har wata uku, ɗaya ƙafar tana hutawa. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, gado ɗaya. Da aka yanki ɗan nama daga cinyoyin biyu aka duba, sai aka tarar alamar metil ta sauya a wurare kusan 5,000 a ƙafar da ta yi aiki, ƙafar da ta huta kuwa ba ta nuna wannan sauyi ba.

Cinya ana iya yankar mata nama, ƙwaƙwalwar mai rai ba a iyawa. Saboda haka mafi yawan abin da aka gani da ido game da buɗewar ƙwayoyin gado a cikin ƙwaƙwalwa, a jikin ɓerayen gwaji aka gani. A mutane sai dai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a auna jini, a yi musu jarrabawar tunani. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani duk lokacin da wani ya zo maka da labari mai zaƙi.

Tafiyar ƙafa da sassarfa su ne suka fi kowa hujja, don haka a kansu zan daɗe. Akwai wani furotin da masana ke kira BDNF, wanda aka fara tacewa daga ƙwaƙwalwar alade a 1982. Ni takin ƙwaƙwalwa nake ce wa ɗalibaina, domin aikinsa ke nan: yana raya ƙwayoyin jijiya, yana ƙarfafa mahaɗar da ke tsakaninsu, kuma a wannan mahaɗa ce abin da ka koya yake zama. A 1995, a ɗakin binciken Carl Cotman na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, aka sa wa ɓeraye wata ƙafar keke mai juyawa da suke gudu a cikinta a kejinsu. Cikin 'yan kwanaki ƙwayar gadon BDNF ta ƙara aiki a ƙwaƙwalwarsu, musamman a wani sashe mai suna hifokamfas, wanda shi ne rumbun da sabon abu yake fara sauka kafin ya zama abin tunawa, kuma yana cikin sassan da ciwon mantuwa na Alzheimer yake fara ci. A 1999 Henriette van Praag da Fred Gage a Cibiyar Salk suka nuna cewa ɓerayen da ke gudu suna haifar da sababbin ƙwayoyin jijiya a wannan sashe kusan ninki biyu na waɗanda ke kwance.

Yadda ake buɗe rumfar BDNF ɗin ya fi burge ni. Fernando Gómez-Pinilla da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa gudu yana cire metil daga bakin wannan ƙwayar gado a ƙwaƙwalwar ɓera, yana kuma sassauta naɗin zaren wurin. A 2016 Sama Sleiman da Moses Chao suka gano ɗaya daga cikin 'yan aiken. In an daɗe ana motsi, hanta tana narka kitse ta fitar da wani makamashi mai suna keton. Keton ɗin yana bin jini ya haye cikin ƙwaƙwalwa, ya riƙe hannun wasu sinadarai biyu, HDAC2 da HDAC3, waɗanda aikinsu shi ne tsaurara naɗin zare. Da an riƙe su sai zaren ya saki, a karanta BDNF. Ita ma tsokar da ke aiki tana tura nata saƙon ta cikin jini, irin su irisin da katefsin B. Wato hanta da cinya suna magana da ƙwaƙwalwa, kuma doguwar tafiya ce ke ba su lokacin yin maganar.

A mutane fa? Binciken da na karanta wa Kawu dalla-dalla shi ne na Kirk Erickson da Arthur Kramer a Amurka, wanda ya fito a 2011, domin sa'o'insa aka yi wa. Mutum 120 ne, 'yan shekara 55 zuwa 80, waɗanda ba sa motsa jiki. Rabi aka sa su tafiyar ƙafa sau uku a mako, rabi kuma miƙe gaɓoɓi kawai. Masu tafiyar da minti 10 suka fara, ana ƙara musu minti biyar kowane mako har suka kai minti 40, suka tsaya a nan. Bayan shekara ɗaya hoto ya nuna hifokamfas ɗin masu tafiya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin ya ragu da kusan kashi 1.4. Kashi biyu kamar ba komai ba ne, sai ka ji cewa a wannan shekaru sashen yana motsewa da kashi ɗaya zuwa biyu duk shekara. An mayar musu da agogo baya da shekara ɗaya ko biyu ke nan. Kuma waɗanda BDNF ya fi ƙaruwa a jininsu, su ne sashen ya fi girma.

Sai dai akwai tafiya, akwai yawo. Maƙwabcin Kawu na gan shi, hannu goye a baya, yana tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa. Zumunci ne mai kyau, amma ba ita ce tafiyar da aka auna ba. A 2012 Romain Barrès da Juleen Zierath sun sa mutane tuƙa keken motsa jiki iri biyu, sau ɗaya a hankali da kashi 40 na ƙarfinsu, sau ɗaya da kashi 80, makamashin da aka ƙona daidai wa daida. Kwaɗon metil ya fi fita daga ƙwayoyin gadon tsoka a tuƙi mai ƙarfin, kuma fitar ta ɗan lokaci ce, bayan 'yan sa'o'i yana komawa. Darasi biyu ke nan. Dole jiki ya san ana aiki, kuma dole a maimaita. Ma'aunin da na ba Kawu ba ya buƙatar agogon hannu mai tsada: ya yi saurin da zai iya amsa sallama ya yi gajeriyar magana, amma ba zai iya jan dogon karatu ba sai ya yanke numfashi.

Kuɗin tafiya kyauta ne, wahalarta a Bauchi ita ce yanayi da titi. A watan Maris da Afrilu, in rana ta ɗaga, fita tattaki neman ciwo ne ga mai hawan jini, don haka lokacin bai wuce daga sallame Asuba zuwa hantsi ba, ko bayan La'asar sakaliya. Da hunturu kuma ƙura ce, mai asma ko tari sai ya rufe hanci ko ya jira hazo ya lafa. Manyan tituna irin na Jos da na Ahmadu Bello suna da faɗi amma ga hayaƙi ga 'yan Keke Napep da masu mashin, gara layukan cikin unguwa ko zagayen filin makarantar firamare. Mutanen da ke taruwa wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da sassafe suna da wata riba da mai tafiya shi kaɗai ba shi da ita: in ba ka zo ba za a tambaye ka. Akwai kuma kunya, wadda ba a cika faɗa ba. Dattijon da aka saba gani a mota, in aka gan shi a ƙasa yana zufa, sai a fara tsayawa ana cewa "Alhaji, lafiya? Mu rage maka hanya." Kawu ya fi jin nauyin wannan fiye da zafin rana.

Yanzu ƙarfe. In aka ce haihuwar sababbin ƙwayoyin jijiya ita ce ma'auni, ƙarfe ya faɗi. A 2016 Miriam Nokia ta Jami'ar Jyväskylä a ƙasar Finlan ta raba ɓeraye, wasu doguwar sassarfa, wasu gajeren gudu mai tsanani ana hutawa ana komawa, wasu kuma hawan tsani da nauyi ɗaure a wutsiya. Masu doguwar sassarfa suka fi kowa sababbin ƙwayoyin jijiya. Masu gudu mai tsanani ɗan kaɗan suka samu. Masu ɗaukar nauyi sun yi ƙarfi sosai, amma a wannan fanni ba su bambanta da na kwance ba.

Da na tsaya a nan da na zalunci ɗan Kawu, domin ƙarfe ta wata ƙofa yake shiga. Wani bincike da Ricardo Cassilhas ya jagoranta a Birazil a 2012 ya nuna ɓeraye masu gudu da masu ɗaukar nauyi duka sun fi na kwance tuna hanya, sai dai masu gudu ta hanyar BDNF, masu nauyi kuma ta wani furotin na girman jiki mai suna IGF-1. A mutane kuwa akwai aikin Teresa Liu-Ambrose a birnin Bankuba na Kanada, 2010: mata 155, 'yan shekara 65 zuwa 75, shekara guda. Waɗanda suka ɗaga nauyi sau ɗaya ko sau biyu a mako sun inganta da kashi 11 zuwa 13 a wata jarrabawar tattara hankali, irin wadda za a rubuta kalmar "ja" da koren tawada a ce ka faɗi launin tawadar, kada ka karanta kalmar. Wannan ba tuna suna ba ne, iya riƙe hankali ne a kan abu ɗaya ana hayaniya, abin da mai lissafin kuɗi a kasuwa da mai tuƙi a shataletalen Wunti suke buƙata. Ka lura kuma tsofaffin mata ne, ba samari masu ƙirji ba.

Ƙarfe yana da wata baiwa da ta shafi ƙwayoyin gado kai tsaye. A 2018, a Jami'ar Keele ta Ingila, an sa maza takwas ɗaga nauyi mako bakwai, suka daina mako bakwai har tsokar ta koma yadda take, sannan suka sake mako bakwai. Wasu ƙwayoyin gadon da aka cire wa kwaɗo a zagayen farko sun ci gaba da zama a buɗe duk tsawon hutun, kuma a zagaye na biyu tsokar ta fi girma. Jiki yana tuna wahalar da ya sha. Ɗakin binciken Cotman ya ga makamancin haka a ƙwaƙwalwar ɓera a 2005: wanda ya taɓa gudu ya daina, in ya dawo BDNF ɗinsa yana tashi da wuri, kuma gudun kwana ɗaya a huta kwana ɗaya ya kai shi inda gudun kullum ya kai. Duk wanda rashin lafiya ko tafiya ta yanke masa atisaye, kada ya ce aikinsa ya tafi a banza.

Haɗarin ƙarfe ga irin su Kawu shi ne riƙe numfashi. Mutum ya cije, ya toshe numfashi ya yunƙura da nauyi, jininsa yana hawa sama nan take, kuma wannan ba abin wasa ba ne ga mai shan maganin hawan jini. A fitar da numfashi lokacin ɗagawa, a ɗauki nauyin da za a iya maimaitawa sau goma zuwa sha biyu ba tare da ƙugi ba. Ba sai an biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Tashi daga kujera a koma a zauna ba tare da dafa gwiwa ba, tura bango da hannu biyu, ɗaukar jarka mai rabin ruwa daga wannan kusurwar tsakar gida zuwa waccan, duk ƙarfe ne a wurin tsoka. Ribarsa ta biyu ita ce tsoka ce babbar mai shanye sukarin jini, kuma ciwon suga yana cikin masu lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Ta uku, dattijo mai ƙarfin cinya ba ya yawan faɗuwa a banɗaki.

A nan ina so in ce wani abu game da manomi mai huɗa da fartanya, da ɗan ga-ruwa mai tura kura, da matar da ke daka da jan guga. Waɗannan ba su ne wannan rubutu yake nema ba. Sun riga sun biya kuɗin motsi da jikinsu, abin da ya rage musu barci ne da abinci mai kyau da auna jini. Maganar ta mu ce, ma'aikatan ofis da malaman makaranta da masu zaman shago, waɗanda muka bar ƙafa tun ranar da muka sayi mashin.

Shawarar tsohon soja tana da nata gaskiyar. A 2023 Travis Gibbons da abokansa a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan sun gwada mutum 12. Tuƙin keke a hankali na minti 90 ya ɗan ɗaga BDNF a jininsu. Amma minti shida kacal na tuƙi mai tsanani, daƙiƙa 40 da iya ƙarfi, daƙiƙa 20 hutu, sau shida, ya ɗaga shi ninki huɗu zuwa biyar na wancan. Ɗaya daga cikin 'yan aiken da ake dangantawa da wannan shi ne laktet, sinadarin da tsoka ke zubarwa da yawa in aiki ya yi tsanani. Da ana ɗaukarsa shara ne, yanzu an san ƙwaƙwalwa tana ƙona shi, kuma a ɓeraye an nuna a 2019 cewa yana haye cikinta ya tada ƙwayar gadon BDNF ta hannun wani sinadari mai suna SIRT1. Ga wanda ba shi da lokaci, minti shida abin kwaɗayi ne.

Amma mutum 12 ne, dukansu lafiyayyu masu motsa jiki tun da, kuma abin da aka auna tashin BDNF ne a jini na ɗan lokaci, ba girman wani sashe na ƙwaƙwalwa bayan shekara ba. Ka tuna kuma a ɓerayen Finlan wannan salo bai kamo doguwar sassarfa ba. Ga saurayi mai lafiya na yarda da shi, sau ɗaya ko biyu a mako, ko da hawan dutse ne da sauri a sauko a hankali, ga duwatsu nan sun kewaye Bauchi. Ga mai shekara sittin da hawan jini wanda ya yi shekara uku a zaune, ban yarda ba sai likita ya duba zuciyarsa. Wani abu da binciken Otago ya nuna, wanda ya shafe mu: sun gwada rashin cin abinci na sa'a 20, bai ɗaga BDNF ba. Don haka azumi ba ya maye gurbin motsi a wannan fanni. A watan Ramadan a mayar da tafiyar bayan buɗa-baki ko bayan Tarawihi, a rage ta, kada a ajiye ta.

Ƙwallo ba ta cikin tambayar Kawu, amma garin ƙungiyar ƙwallon Wikki Tourists ne, dole a taɓa ta. Ta haɗa sassarfa da gudun haki da saurin yanke shawara da abokai, ga matashi ba ni da abin da ya fi ta. Matsalarta biyu. Mai wasa ranar Lahadi kaɗai ya bar kwana shida rumfa a kulle. Sannan buga ƙwallo da kai. Wani bincike a Sikotlan a 2019 ya bi tarihin tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallo 7,676, ya tarar mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran jama'a kusan sau uku da rabi, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna 'yan baya sun fi shiga haɗarin, masu tsaron gida kuwa ba su bambanta da kowa sosai ba. Ƙwararru ne masu buga ƙwallo da kai dubban lokuta, ba 'yan wasan unguwa ba, amma ni dai na hana yaran gidanmu atisayen buga ƙwallo da kai.

Wanda damuwa da ƙuncin rai ne suka dame shi, ba mantuwa ba, zaɓinsa ya fi faɗi. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218 a kan mutum sama da 14,000, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2024, ya tarar tafiya da sassarfa da ɗaga nauyi duk suna rage ciwon damuwa. A nan wanda ransa ya fi so shi ne daidai, tare da ganin likita in abin ya yi nauyi.

Na kuma gaya wa Kawu abin da ba shi da daɗin ji, domin ba na so ya ɗauki tafiya kamar laya. A 2022 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani babban gwaji na Eric Lenze a Amurka, tsofaffi 585 'yan shekara 65 zuwa 84, aka bi su wata 18. Waɗanda aka sa motsa jiki ba su fi sauran ba a jarrabawar tunani. Buɗewar ƙwayar gado a ɓera abu ne tabbatacce, amma ba kullum take zama ƙarin maki a takardar jarrabawar mutum ba. Abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne na dogon zango. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da alhakin kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya. Rashin motsa jiki yana ciki, haka hawan jini, ciwon suga, ƙiba, shan taba, raunin ji da kaɗaici. Tafiya da abokai tana taɓa biyar daga cikinsu a fita ɗaya, kuma ba ta maye gurbin ƙwayar maganin hawan jinin da likita ya rubuta.

To ga abin da na zaɓa masa. Tafiya ce tuwo, ƙarfe miya, gudun haki kuwa yaji ne da ba kowane ciki ke ɗauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Na ce ya bi sawun mutanen Erickson, minti 10 a makon farko, ƙarin biyar duk mako, har 40, kwana huɗu. Litinin da Alhamis bayan La'asar ɗansa ya tsaya a kansa ya yi tashi-zauna a kujera da ɗaukar jarka, gwangwanin siminti kuwa a bar wa mai shi.

Da ɗalibar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ce ta tambaye ni ana gab da jarrabawa, da na ce sassarfar minti ashirin kafin ta zauna karatu ta fi mata kwanan zaune da kofi. Da mai shago ne a kasuwar Central, wanda ba ya iya barin rumfa, da na ce ya sauka daga Keke Napep tun da sauran tafiyar minti goma sha biyar, safe da yamma, ya gama da minti 150 ɗinsa cikin kwana biyar. Matar Kawu, wadda ba ta son fita titi, ita ce ta fi ba ni tunani, domin tsakar gidansu taku goma sha biyu ne. Ita na juya mata lissafin: ƙarfe ya zama tuwonta, tunda shi ba ya buƙatar fili kuma a kan mata sa'o'inta aka gwada shi, sai ta haɗa da hawa da sauka a dakalin ƙofar ɗaki, da zuwa Islamiyya a ƙafa tare da maƙwabtanta maimakon a kai su.

Kawu yana mako na tara yanzu. Maganar kunya shi ya warware ta da kansa, ya daina sallar Asuba a masallacin ƙofar gida ya koma wani da ke can gaba, ya tafi a hankali cikin duhu, ya dawo da sauri ta doguwar hanya, ba mai tsayar da mota ya tambayi mutumin da ya fito daga masallaci. Maƙwabcin nasa ya bi shi kwana biyu ya ce saurin ya yi masa yawa, a rana ta uku kuma ya sake fitowa. Jiya da na je gaishe shi na tarar ya sa jikarsa ta rubuta "ja" da "kore" da "shuɗi" da alkaluma masu launi daban-daban a bayan wata tsohuwar kalanda. Ya miƙo mini agogonsa ya ce, "Riƙe mini lokaci, ɗan nan. Wancan makon daƙiƙa hamsin na yi."